Ina Kaset ɗin Makaɗanmu?

Duk wanda ya je neman bidiyon Haruna Uji na Haɗeja yana kaɗa gurminsa ya san abin da zai samu: ɗan guntun hoto dishi-dishi, murya na rawa, wanda wani bawan Allah ya kwafo daga tsohon kaset ya ɗora a YouTube. Na Mamman Shata da Barmani Choge ma mafi yawa haka suke. Wannan abin kunya ne, kuma laifin yana da masu shi.

Tun 1962 ake kallon talabijin a Kaduna. An kafa NTA a 1977, sannan Abubakar Rimi ya buɗe CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. A lokacin Garki da Ringim da Dutse duk jihar Kano ce, sai a 1991 aka yanko Jigawa, don haka abin da aka ɗauka a can gadonmu ne mu ma 'yan Jigawa. Shekara da shekaru makaɗa suna shiga gaban kyamara, 'yan Koroso suna cashewa, yara na cincirindo a ƙofar gidan mai akwati ɗaya tilo a unguwa. To ina waɗannan shirye-shirye suke? Wa ya ƙirga su, wa ya rubuta sunan mai kiɗi da ranar ɗauka?

Kaset ba dutse ba ne. Zafi na cin sa, ƙura na cin sa, kuma injinan da ke karanta kaset irin na U-matic da Betacam an daina ƙera su. Duk shekarar da ta wuce ba a juye shi a kwamfuta ba, wata murya ta tafi ke nan har abada. A Amurka an yi shirin Soul Train daga 1971 zuwa 2006, kuma har gobe jikokin masu rawar suna kallon kakanninsu. BBC kuwa ta goge yawancin shirye-shiryen farko na Top of the Pops don ta sake amfani da kaset, ta dawo tana cigiya a hannun jama'a. Mun ga wannan, ba mu ɗauki darasi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makaɗan da ke raye ma mun yi watsi da su. A ƙauyukan Garki akwai dattawan da suka san kiɗan gangar noma, da taken 'yan dambe, da tsofaffin mata masu kiɗan ƙwarya. Ranar biki a kira su, a liƙa musu 'yan canji, gari na wayewa a ce maroƙa ne. Kyamara tana bin babban mutum daga buɗe rijiya zuwa ɗaurin aure, amma ta kasa zuwa kasuwar ƙauye ta zauna da makaɗi awa guda. Kada a ce mini babu kuɗi. Wayar da ke aljihun kowane ma'aikaci ta fi kyamarorin da suka ɗauki Shata.

Shugabannin gidajen talabijin da masu kula da al'adu a Dutse, ku buɗe ɗakunan ajiya, ku nemi kwafin abin da ke Kano da Kaduna, ku juye shi tun yana juyuwa. Ku ware wa makaɗan Jigawa fili ɗaya kowane mako, ku fara da waɗanda suka fi tsufa.