Ma'aunin Ruwan Bilic a Mahauta da Madafa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, domin in yi nasiha ga 'yan'uwana na Birnin Gwari a kan wani al'amari wanda ake gani ƙarami, alhali kuwa lafiyar jama'a tana rataye da shi.

Tun da Allah ya kawo sauƙin fitinar 'yan bindiga da ta daɗe tana fitowa daga dajin Kamuku, aka sake buɗe kasuwar kara a watan Nuwamba na 2024 bayan ta yi shekaru a rufe, fatake suka komo, motoci suka kama hanyar Kaduna da ta Funtuwa, sai sana'ar mahauta da masu tsire da masu tuwo-tuwo ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Amma duk inda jama'a suka taru suna ci daga tebur guda, nan cuta take samun ƙofa, kuma ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta yi ajalin fiye da 3,000.

Malamanmu na fikihu sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi tsarki da shi, wannan kuwa gaskiya ne a babin ibada. Sai dai likitoci sun tabbatar cewa ƙwayar cuta, wadda ido ba ya gani, tana iya zama a kan gungumen da aka sara nama ko tiren da aka zuba shi, ko da an ɗauraye su sun yi fes. Maganinta yana nan a kowane kanti da araha, wato ruwan bilic irin su Hypo da Jik, wanda mata ke wanke fararen tufafi da shi. Aibin kawai shi ne jahiltar ma'auninsa, domin wani yakan kwarara shi tsantsa, ya yi israfi, ya ƙone hannunsa, ya bar wari a nama, wani kuma ya ɗiga abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga ƙa'idar. A zuba bilic cokalin shayi ɗaya a ruwan sanyi lita 1, ko babban cokali ɗaya a lita 4, ko babban cokali biyar a jarka mai lita 20. Kafin a shafa, wajibi ne a kankare gungume, a wanke tebur da wuƙa da soso da sabulu, a ɗauraye, saboda jini da kitse suna cinye ƙarfin sinadarin tun bai kai ga ƙwayar cutar ba. Sa'an nan a jiƙa wurin sosai da ruwan bilic ɗin da aka haɗa, a bar shi minti biyu, iska ta busar da shi, kada a bi shi da tsumman da aka yini ana goge-goge da shi. A haɗa sabo kowace safiya, gama rana da zafi suna kashe shi. Kada a gauraya shi da ruwan wankin masai ko wani abu mai tsami, domin yakan tayar da iska mai guba wadda ke shaƙe numfashi. Kada kuma a ɗura shi a gorar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha.

Saboda haka ina kira ga Sarkin Fawa da duba-gari da shugabannin kasuwa su koya wa mutanensu wannan ma'auni a aikace, limamai kuma su ambace shi a wa'azi, tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma mai sayar da abinci amana ce aka ba shi wadda za a tambaye shi a kanta. Allah ya dawwamar mana da zaman lafiya, ya kare mu daga annoba, amin.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani mai karatu,
Birnin Gwari.