Sharhi: Me dillalan gidaje na Zariya ke koyarwa a shafukan sada zumunta?

A duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sabon zangon karatu, ɗalibai masu yawa kan fantsama cikin unguwannin Samaru, Hayin Dogo, Danraka, Zango da Palladan suna neman ɗakin haya, saboda ɗakunan kwanan da ke cikin jami'ar ba sa wadatar da kowa.

A da, mai neman ɗaki kan fara da tambayar inda dillalai ke zama, a kai shi gindin wata bishiya ko bakin wani shago. A yau kuwa akasarinsu kan fara ne da wayar salula: hoton ɗaki a WhatsApp, bidiyon gida a TikTok, ko tallar fili a Facebook.

Dillalan sun bi masu sayen zuwa can. To sai dai mafi yawan abin da suke sakawa talla ce zalla: ga gida, ga farashi, ga lambar waya, a yi sauri kafin wani ya riga. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayanin da zai hana mai saye ko ɗan haya faɗawa cikin asara. Tambayar ita ce ko dillali na da wata riba idan ya koyar da jama'a abin da, a al'adance, ya fi so ya riƙe a cikinsa.

Garin baƙi

Tarihin wurin ne ya sa tambayar ta yi nauyi a nan fiye da cikin birnin Zazzau. Sabon Gari ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa, a matsayin mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga wasu sassan Najeriya. Samaru kuma, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, ta bunƙasa ne da cibiyar binciken aikin gona, sannan da jami'ar da aka buɗe a 1962. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta NCAT da aka kafa a 1964, ga barikin soja na Basawa, ga cibiyar nazarin sufuri ta NITT, ga kuma asibitin koyarwa da ke Shika.

Ma'ana, yawancin masu neman muhalli a wannan yanki baƙi ne. A cikin birni, wanda zai sayi gida ya san zuriyar masu gidan, ya san mai unguwa, kuma idan dillali ya yi masa rufa-rufa ya san ƙofar da zai buga. Ɗalibar da ta zo daga Jalingo, ko malamin jami'ar da ke karatu a Malesiya yana son ya sayi fili a Bomo kafin ya dawo, ba su da wannan kariya. Abin da suka gani a waya shi ne shaidarsu.

Takardar mai unguwa da takardar gwamna

Idan akwai darasin da ya kamata a fara da shi, to batun takardu ne. Har gobe, ciniki da dama a kewayen Samaru kan ƙare ne da takarda guda: an rubuta sunan mai sayarwa da mai saye, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi. Mutane da yawa sun ɗauka da wannan an gama.

Doka ba ta ce haka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba kariya ta musamman, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma shaidarsa ita ce takardar da aka fi sani da C of O. Sashe na 22 na dokar ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar da irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da nauyin wannan sharaɗi a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda ta soke jinginar da aka yi ba tare da amincewar ba.

Takardar mai unguwa tana da amfaninta. Tana nuna cewa an yi ciniki a gaban mutanen da suka san asalin filin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ta gaya wa mai saye ko filin yana kan hanyar da aka tsara fitarwa, ko yana cikin harabar wata ma'aikata. Wannan bincike na hukumar KADGIS ne, wadda gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta kafa da dokar 2015 domin tattara bayanan filayen jihar Kaduna a kwamfuta. Izinin gini kuma na hukumar KASUPDA ne, kuma takarda ce dabam.

Mutanen Zariya sun ga abin da ke biyo baya idan aka samu saɓani a kan waɗannan takardu. A 2015 an rushe gine-gine a filin da gwamnati ta ce na Kwalejin Alhudahuda ne. A watan Oktoban 2021 kuma KASUPDA ta rushe gidaje fiye da 100 a unguwar Graceland, bisa hujjar cewa filin na NCAT ne, ko da yake da dama daga cikin mazauna wurin sun ce suna riƙe da takardu. Ko wane ne ke da gaskiya a wannan taƙaddama, wanda ya yi asara shi ne wanda ya zuba tanadin rayuwarsa a bulo da siminti. Bidiyon minti biyu da ke nuna bambancin takardun nan uku, da ofishin da ake zuwa a tantance kowace, ya fi amfani ga mai kallo a kan hotunan falo goma.

Gidan gado

Batu na biyu da ba kasafai ake jin dillalai na taɓawa ba shi ne gidan gado. Tsofaffin gidaje da dama a Sabon Gari, Muchiya da Chikaji yanzu suna hannun jikoki ne, wasu a Zariya, wasu a Legas, wasu ba a ma san inda suke ba. Yakan faru ɗaya daga cikin magada ya sa gida a kasuwa kafin a raba gado, ya karɓi kuɗi, daga baya sauran su garzaya kotu.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi, mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba ne, kuma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya karɓe kason da aka sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da aka saya. Mai sayen da bai san wannan ba zai iya wayar gari ya ga gidan ya koma hannun wani. Kaza-lika, shari'a ta ɗora wa mai sayarwa bayyana aibin abin da yake sayarwa. A nan ma akwai abin koyarwa na zahiri: filin da ke kusa da rafin Kubanni, wanda yake shar a watan Maris, a watan Agusta ya kamata a je a duba shi. Haka rijiyar gidan haya, sai dai ita a watan Afrilu ake sanin gaskiyarta.

Ga kuma awo. Ana cewa fili ƙafa 50 ne da ƙafa 100, kimanin murabba'in mita 465, amma mutum nawa ne ke zuwa da igiyar awo ranar ciniki?

La'ada

Inda aka fi samun ƙorafi, musamman daga ɗalibai, shi ne la'ada. A harkar haya an saba da kashi 10 cikin 100, amma a kan haka sai a ƙara kuɗin ganin ɗaki, kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda sau da yawa ba ya dawowa. Wani lokaci dillalai uku ko huɗu ne ke jere tsakanin mai gida da ɗan haya, kowa da abin da ya ɗora.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, ya fito da wani giɓin. Ɗalibai sun biya hayar shekara, suka tafi gida, suka dawo suka tarar wa'adi ya cika ko ya kusa. Masu gidaje na cewa ɗakin yana kulle da kayan ɗalibi, ɗalibai na cewa ba su kwana ciki ba. Yarjejeniyar da ta fayyace wannan tun farko da ta rage rigimar.

Wasu ƙasashe da doka suka warware batun la'adar. A Jamus, tun 2015, wanda ya ɗauko dillali a harkar haya shi ke biyansa. A Ingila an haramta wa dillalai karɓar akasarin kuɗaɗen da suke caza daga 'yan haya a 2019. A Amurka, babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta amince a 2024 ta biya dala miliyan 418 domin kashe ƙararrakin da aka shigar kan tsarin la'ada. A Najeriya, jihar Legas ta kafa hukumar LASRERA domin rajistar dillalai. A ƙasa baki ɗaya kuma akwai hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975, amma ita ƙwararrun masu kimanta kadarori take yi wa rajista, kuma akasarin dillalan unguwa ba sa cikin wannan rukuni.

Akwai ma dokar da dillalai da yawa ke takawa ba tare da sun sani ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, sannan ta sa masu harkar gidaje cikin waɗanda sashen SCUML na hukumar EFCC ke sa wa ido. 

Riba ko asara?

Masu shakku na da hujja. Dillanci, tun na shanu da na goro, ya ginu ne a kan cewa dillali ya san abin da mai saye da mai sayarwa ba su sani ba. Idan ya koya wa jama'a su je KADGIS kafin su biya, wasu cinikayyar za su rushe, wasu kuma su ɗauki makonni maimakon kwana biyu. Abokan sana'arsa ma ba za su gode masa ba.

Sai dai lissafin ya sauya. A gindin bishiya, wanda aka cuta yakan gama karatu ya bar gari da takaicinsa, baƙo na gaba kuma bai san komai ba. A yanzu ɗalibai na da zaurukan WhatsApp na ajinsu da na 'yan jiharsu, kuma sunan dillali kan zaga cikinsu a yini guda, da alheri ko da sharri. A kasuwar da baƙi ke sabuntawa duk shekara, wanda aka san shi da faɗin gaskiyar takarda da ta la'ada yana tara abin da sanayya ke bai wa dillalin cikin birni.

Haɗarin shi ne mazambaci ma ya iya magana. Babu abin da zai hana shi haddace sashe na 22, ya yi bayani tiryan-tiryan, sannan ya saka bidiyon ɗakin da ba nasa ba, ya nemi a tura kuɗin kamu kafin a zo. Yawan mabiya ba lasisi ba ne, kuma ana iya sayensu. Wannan ya sa darasin da ya fi tsada ga dillalin kirki shi ne wanda ya shafe shi kai tsaye: ya gaya wa masu kallonsa kada su tura ko sisi, ko da shi ne ya nema, sai sun ga wurin da idonsu ko sun aika wanda suka yarda da shi, sun gana da mai gida, sun kuma karɓi rasiɗi mai sunansa.

A ɓangaren hukuma kuwa, mai neman ɗaki a Samaru zai amfana da jerin sunayen dillalai masu rajista wanda zai iya dubawa ta waya, kamar yadda aka fara a Legas. Ƙungiyoyin dillalai na unguwanni, hukumar jami'a da ƙaramar hukumar Sabon Gari duk suna da hanyar fara irin wannan rajista tun kafin zangon karatu na gaba.