Shekara Guda A Birnin Ƙudus: Karatun Addini Na 'Yan Matan Yahudawa

 A wannan mako ina so mu leƙa wata al'ada ta mutanen da ba mu cika jin labarin matansu ba, watau Yahudawa.

Kowace shekara, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, 'yan mata masu kimanin shekara 18 da suka gama sakandare a Amurka, Ingila, Kanada da wasu ƙasashe sukan haɗa kayansu su tafi Isra'ila, yawancinsu Birnin Ƙudus, domin yin karatun addini zalla na shekara guda kafin su shiga jami'a ko su yi aure. 'Ya'yan gidajen da suka riƙe addini sosai ne suka fi yin haka. Irin wannan makaranta sunanta midrasha da Ibrananci, kuma tushen kalmar ɗaya ne da na darasi da muka aro daga Larabci.

Yarinya takan isa gab da manyan bukukuwansu, watau sabuwar shekara da ranar azumin neman gafara, saboda haka ta yi su ke nan nesa da uwarta, watakila karo na farko a rayuwarta. A makarantar ana karanta Attaura da sharhinta, da hukunce-hukuncen abinci da na ranar Asabar. Sau da yawa bibbiyu suke zama, su karanta, su yi muhawara, sa'an nan su je gaban malami ko malama.

To, abin lura shi ne wannan al'ada ba ta daɗe ba. A da can maza ne ke zurfafa karatu, mace kuwa abin da ta gani wajen uwarta shi ne iliminta. A 1917 wata mai ɗinki, Sara Shenira, ta ga 'yan mata suna samun ilimin zamani suna barin addini, sai ta buɗe musu makaranta a birnin Karako na ƙasar Folan. Daga nan makarantun Bais Yaakov suka bazu. A 1964 aka kafa Mikilala a Birnin Ƙudus, a 1976 kuma aka buɗe makarantar da ake kira Midreshet Lindenbaum a yau, inda mata ke karanta Talmud, babban littafin shari'arsu da aka daɗe ana keɓe wa maza. Har yanzu akwai makarantun da ba su yarda da koya wa mata shi ba.

Amma fa tafiyar tana da nata nauyin. Na farko kuɗi: makarantu da yawa suna karɓar fiye da dala 20,000 a shekara, ban da kuɗin jirgi. Akwai tallafi, kamar na shirin Masa da aka fara a 2004, duk da haka 'yar talaka takan ji an bar ta a baya. Na biyu tsaro: lokacin da Hamas ta kai hari ranar 7 ga Oktoba 2023, yaƙin Gaza ya ɓarke, wanda ya ci rayukan dubun dubatar Falasɗinawa, makonni kaɗan ke nan da fara karatu. Wasu iyaye suka mai da 'ya'yansu gida, wasu 'yan matan kuma suka zauna. Na uku, yarinya takan dawo ta fi iyayenta tsanani, ta soma gyara wa uwarta girki da sutura, har a sami saɓani.

Me ya sa iyaye ke jure duk wannan? Domin sun ɗauki darasin mai ɗinkin nan: yarinyar da ta san dalilin abin da take yi ta fi riƙe shi da kyau bisa wadda aka ce mata yi kawai.

Ke uwa, in 'yarki za ta tafi karatu nesa, ki shirya karɓar wadda ta canza. Ke kuma 'yar makaranta, in kin dawo da ilimi, ki haɗa shi da ladabi, don uwar da ta sallame ki da hawaye ba ɗalibarki ba ce.