Takardar wata ɗaya ga ciwon da ba ya ƙarewa?

Jama'a masu saurarenmu na Ƙonni, Malbaza da Illela, yau da likitoci da majojin CSI muke magana.

Hawan jini da ciwon sukari ba masassarar damina ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Maganinsu na tsawon rai ne. To don mi dattijon da tansiyonsa ya daidaita tun bara za a ce ya taso daga ƙauyen Bazaga ko Tajaye kowane wata, ya hau kabu-kabu, ya wuni bisa benci, don a sake rubuta mishi sunan ƙwayar da ya riga ya hardace? Gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a 2024, mun gode. Amma ba ta rage kuɗin mota ba, kuma wunin da anka rasa a gona ba ya dawowa.

Ran da kuɗin hanya ya gagara, sai mutum ya bar maganin, ko ya saye wajen mai talla, ƙwayar da ta sha rana. Ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki. Wa ya ci riba?

Wannan ba ƙirƙirarmu ba ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, a 2021 ta ce a riƙa ganin mai hawan jini kowane wata har ya daidaita, daga nan sai bayan wata 3 zuwa 6. Masu shan maganin sida ma tun 2016 ta ba da shawarar a ba su na wata 3 zuwa 6. Mai tansiyo hwa, laifin mi ya yi?

Za a ce talaka ba ya iya sayen maganin wata uku gaba ɗaya. Gaskiya ne. To a rubuta ordonansi ɗaya mai aiki wata uku, ya riƙa saye wata-wata a depo mafi kusa. Za a ce ciwo na iya tashi ba a sani ba. Sai a auna shi a ƙaramar likitar ƙauyensu, in awo ya hau ya koma ga likita ba jira. Wanda anka canza ma magani, da mace mai ciki, su kam su zo kowane wata.

Shugabannin lafiya na Tawa, ku ba ma'aikatanku wannan umurni a rubuce. Ku kuma da kuke da tsoho a gida, gobe in kun kai shi ku tambaya: "Likita, takardarga wata nawa za ta yi?"