Ra'ayinmu: Cin Na Gida Ba Ya Tabbata da Wa'azi Kaɗai

A tsakiyar rani, kasuwannin Samaru da Sabon Gari kan cika da albarkar ƙasar Zazzau: tumatir da attaruhu daga fadamun Hunkuyi da Kudan, rake da mazarƙwaila daga Maƙarfi, masara da dawa daga Giwa da Soba, kabeji da latas daga lambunan bakin Kubanni da Galma, ga tarwaɗa da karfasa da masunta ke kamowa a madatsar ruwa ta Shika. Amma a rumfa ta gaba akwai tumatirin leda, da kifin ƙanƙara da ya ƙetaro teku, da shinkafa 'yar waje, kuma kowannensu na samun ciniki. An daɗe ana kiran jama'a su rungumi abincin gida. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanda ya kamata ya ɗauki nauyin wannan kira.

Masu kiran suna da hujja mai ƙarfi, musamman a nan. Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kuma cibiyar binciken ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake shukawa a faɗin Arewa, da yawansu sunan Samaru suke ɗauke da shi: SAMMAZ, SAMSORG, SAMPEA, SAMNUT. A Shika aka samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Manomin Basawa ko Bomo yana maƙwabtaka da ilimin da wasu ke yin tafiyar kwana su nema. Sannan kuɗin da aka kashe a kan kayan gida ba ya nisa. Yana ratsa hannun mai lambu, da mai saƙa kwando, da mai baro, da mai injin niƙa, da matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida. Idan aka karya wannan zagaye, an karya unguwa guda. An ga alamar haka bayan Yulin 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba, har aka kai inda buhun masara ba ya sayen buhun taki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ya faɗi bana, baɗi rage gona zai yi.

Ɗaya ɓangaren ma ba abin rainawa ba ne. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Malamin firamare da ƙaramin ma'aikaci da kurtun da ke barikin Basawa ba ƙin ƙasarsu suke yi ba idan sun ɗauki mai rahusa. Yara ne ke jiran tuwo. Lokacin da aka rufe kan iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da sunan kare manomi, shinkafa ta yi tsada, kuma mai saye ne ya biya. Haka nan na gida ba kullum ake samunsa ba. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, a lokacin kuwa na gwangwani ne ya rufa wa tukwane asiri. Akwai kuma batun inganci, wanda bai kamata kishin gida ya sa a yi shiru a kansa ba. Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya, kuma irin wannan waken ne ke shiga ƙosai da alalarmu. Masu bincike sun sha nuna damuwa a kan ban ruwan lambu da ruwan da ƙazantar gari ke kwarara cikinsa.

Da aka auna hujjojin biyu, za a ga cewa manomi da mai saye ba abokan gaba ba ne. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne: ya sayar da masararsa da arha a kaka don biyan bashin taki, ya dawo ya auna ta da tsada a tsakiyar damina. Asarar tana faruwa ne tsakanin gona da tukunya. Kowa ya ga yadda ake jibga kwandunan tumatir wani kan wani a mota, na ƙasa ya matse, ruwansa na tsiyaya a titi tun ba a bar gari ba. Wanda bai samu mai saye ba sai a yanka a shanya a ƙasa a gefen hanya, ƙurar motoci na sauka a kai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowace awa da injin ban ruwa ya yi yana aiki sai ta fito a kuɗin kwando. Mai saye ne ke biyan kuɗin duk abin da ya ruɓe, manomi kuwa bai ga ribarsa ba.

Saboda haka matsayinmu shi ne: goyon bayan abincin gida daidai ne, amma kuskure ne a ɗora nauyinsa a kan aljihun talaka. Nauyin yana kan manyan masu saye tukuna. Tsakanin Samaru da Basawa da Shika akwai jami'a, da asibitin koyarwa, da bariki, da cibiyoyin tarayya, ga makarantun kwana da gidajen abinci. Idan masu ciyar da jama'a a waɗannan wurare suka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma da masunta tun kafin shuka, da farashi sananne da biya a kan lokaci, manomi zai san abin da yake nomawa dominsa.

Sai gwamnati. Ba mu ce kada a taɓa buɗe ƙofar shigo da abinci ba, domin yunwa ba ta jira. Amma a yi shi da wa'adi bayyananne, kada ya faɗo a kan kaka, kuma a haɗa shi da sauƙin taki. Jiha da ƙananan hukumomi su sa kuɗi a hanyoyin fadama, da wuraren shanya masu tsafta, da rumbunan ajiya, da isassun malaman gona da za su fitar da binciken Samaru zuwa kunya. Manoma da 'yan kasuwa su ma akwai nasu: a tsince tsakuwa, a cika mudu, a daina barbaɗa guba a wake.

Magidanci kuwa abin da ake nema gare shi kaɗan ne. Inda farashi ya zo ɗaya ko ya yi kusa, ya fifita na maƙwabcinsa. Inda bambancin ya fi ƙarfinsa, babu laifi a kansa, kuma masu iko ne ya kamata a tambaya dalilin da ya sa abin da aka noma a bayan gari ya fi wanda ya zo ta jirgin ruwa tsada.