Tabon Jiki Shaida Ne, In An Rubuta Shi: Darasi Daga Apo

A ƙasar Amurka akwai wani aiki da ɗalibai masu koyon aikin likita suke yi kyauta, wanda ya kamata mutanen Arewa mazauna Kudu su san da shi. Aikin kuwa shi ne duba jikin mutanen da suka gudo daga ƙasashensu suna neman mafaka, a rubuta abin da aka gani, a miƙa wa alƙali.

Wanda ya tsere cikin dare ba ya tsayawa neman takarda. In ya zo gaban alƙali ya ce an azabtar da shi a ƙasarsu, sai a tambaye shi shaida, alhali ba shi da wata shaida sai jikinsa. Saboda haka ne a shekarar 2010 ɗaliban makarantar likita ta Weill Cornell da ke New York suka buɗe wata cibiya tare da ƙungiyar likitocin nan mai suna Physicians for Human Rights, daga baya makarantu da yawa suka bi sahu. Lauya ne yake aiko da mai neman mafaka, cikakken likita ya duba shi, su kuwa ɗalibai su nemo tafinta, su rubuta bayani, su auna tabo, su tsara takardar rantsuwa. Likita ne kaɗai yake sa hannu.

Aikin yana bin Ƙa'idar Santambul, watau jagorar binciken azabtarwa da aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999, aka sake gyara ta a 2022. Bisa ga wannan ƙa'ida, likita ba ya cewa labarin mutum gaskiya ne ko ƙarya. Abin da yake faɗi shi ne yadda tabo ya dace da labarin, bisa matakai 5, tun daga tabon da bai dace ba sam har zuwa wanda babu abin da zai haifar da shi sai abin da mutumin ya faɗa. Ƙa'idar ta kuma ja kunne cewa rashin tabo ba ya nuna ba a azabtar da mutum ba, domin duka da yawa yakan warke ba alama.

Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa 89 cikin 100 na waɗanda suka sami irin wannan takarda an ba su mafaka, alhali a ƙasar baki ɗaya wajen 37 ne cikin 100. Lalle waɗannan mutane suna da lauyoyi, wannan ma ya taimaka, amma tazarar tana da yawa.

Mai karatu zai ce ina ruwan ɗan ci-rani da wannan, tun da bai ƙetare iyakar ƙasa ba? Amsar tana Apo, a Abuja, inda sau biyu aka kashe baƙi aka kuma laƙaba musu laifi bayan sun mutu.

A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe matasa 6, 'yan kasuwa Inyamurai 5 da wata budurwa, aka ce 'yan fashi ne, aka binne su da gaggawa. Gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, aka tono gawarwakin aka duba, zancen fashi ya rushe. Duk da haka sai a watan Maris na 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa 'yan sanda 2 hukuncin kisa, ya sallami 3 saboda shaidar da aka kawo ba ta isa ba.

Sa'an nan ran 20 ga Satumba, 2013, soja da jami'an tsaro na farin kaya suka buɗe wuta a wani kango inda 'yan ci-rani suke kwana, yawancinsu 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep. Mutum 8 suka rasu, 11 suka ji rauni. Jami'an suka ce 'yan Boko Haram ne. A watan Afrilu na 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce babu shaidar haka, ta umarci a biya Naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni. Kuɗin, Naira miliyan 135, ba su fito ba sai a 2018.

Waɗannan shari'o'i sun kai wani wuri ne domin a babban birni suka faru, jaridu kuma suka ƙi yin shiru. Mai gadi ko ɗan acaɓa ko mai turin baro da aka lakaɗa wa duka a ofishin 'yan sanda a Ikko ko Badun ko Fatakwal, ba wanda zai kafa masa hukuma. Halinsa ɗaya da mai neman mafaka: baƙo ne, ba ya jin harshen kotu, kalmarsa ce kawai a gaban ta mai kaki.

Doka kuwa akwai ta. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ba duk wanda aka tsare ikon neman likitan da ya zaɓa da kansa ya duba lafiyarsa bayan an yi masa tambayoyi, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtarwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne likitan da yake da lokacin zama sa'o'i yana sauraro yana rubutu, ga layin marasa lafiya a bakin ƙofa. A nan ne ɗalibai za su yi amfani, domin su ne za su ɗauke nauyin rubutun. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, akwai irinsa a Ikko da Badun, ga kuma masu bukata: 'yan gudun hijirar Borno da suka zauna a Wassa, bayan Apo, da 'yan Kamaru da suka fara shigowa neman mafaka tun 2017.

Sai dai da sharaɗi. Ɗalibi ba shi da lasisi, kada a bar shi shi kaɗai. Dole a ɓoye sirrin wanda aka duba, a kuma kare wanda ya rubuta, domin mai laifin yana iya kasancewa a gari ɗaya da su. Likitan da ya ƙara gishiri don tausayi kuwa ya ɓata takardar da ta bayanta.

Kafin a kai ga haka, akwai aikin da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a za su iya farawa yau. Duk ɗan'uwan da aka ji wa rauni, a kai shi asibiti kafin raunin ya warke, a ɗauki hoto, a rubuta rana da wuri, a karɓi takardar likita a adana. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma alƙali ba ya nan ranar da abin ya faru; abin da zai gani shi ne abin da likita ya rubuta.