Yankari Ta Kowa Ce, Har Da Naƙasassunmu

Duk Sallah mukan haɗa kuɗin mota mu kai iyali gandun dajin Yankari, yara su ga giwa da gwaggon biri, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Amma wa muke bari a gida? Gurgu da makaho da tsohon da ƙafa ta gaza. Sai mu ce wai tausayinsu muke ji.

A ganina wannan tauye haƙƙi ne. Tun 1962 aka buɗe Yankari ga jama'a, kuma tun 2006 tana hannun gwamnatin Jihar Bauchi. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda ta ba wuraren jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a 2024.

Gangarawa Wikki ta matakala ake yi, keken guragu kuwa ba ya hawa matakala. Abin da muke roƙo kaɗan ne: shimfiɗaɗɗiyar hanya mai gangara a hankali, ƙarfen dafawa, benci a inuwa, da ɗan jagora mai faɗa wa makaho sunan tsuntsun da yake jin kukansa.

Mu ma da namu aikin. A tafiyar bana mu ware wa naƙasassunmu kujerun gaba, matasa biyu su kula da kowannensu. Idan ba a ga sun zo ba, ba wanda zai gyara musu hanya.

Allah Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya